Zauren da Na Mayar Shago



A taronmu na watan jiya, da aka taso da maganar yaran da ke kwana a ƙarƙashin gada da bakin layin dogo, kowa ya tofa albarkacin bakinsa ban da ni. Wasu suka ce a kai kuka ga hukuma, wasu suka ce a aika can gida a hana su tahowa. Shugaba ya dube ni har sau biyu, na sunkuyar da kai. Kunya ce ta hana ni magana, domin ina da hannu a cikin abin da muke kuka da shi. Abin da na kasa faɗa a gaban jama'a shi zan rubuta a nan, ku yi haƙuri da tsawonsa.

A Agege aka haife ni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, fataucin goro yake yi, kuma gidanmu yana da babban zaure. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin zauren nan babu baƙo ba. Akwai tabarmi a naɗe a kusurwa, da randa, da butoci, da ƙusoshi a bango inda ake rataya jaka. Mutum zai sauko daga jirgin ƙasa ko daga bayan tirela da ɗan ƙullin kayansa, ya yi sallama, ya ce daga gari kaza yake, wane ne ya turo shi. Shi ke nan, ya sami wurin kwana. Mahaifiyarmu kuwa in za ta auna garin tuwon dare, sai ta ƙara mudu guda, tana kiransa mudun baƙi. Ni ne mai kai kwanukan zaure, ni ne mai kwaso su in wanke. Gaskiya a lokacin haushin abin nake ji. Ina ganin mutanen da ba mu haɗa komai da su ba suna cinye mana nama.

Sai da na girma na gane cewa ba gidanmu kaɗai ba ne, kuma ba sadaka ce zalla ba. Tsari ne da kakanninmu suka kafa zango a kansa, tun zamanin fataucin Gwanja. Maigida yana saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa da kayansa, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Shi kuma ya sami la'adarsa, ya sami mutane, ya sami suna. Haka aka yi a Sabon Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Har wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a can a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan yadda masu gida suka riƙe cinikin shanu da na goro ta hanyar saukar baƙi, littafin ya fito a 1969. Abin da Bature ya zauna ya yi nazari a kai, ni ina wanke kwanukansa ina gunaguni.

Ban san darajar zauren nan ba sai da na zama baƙo da kaina.

A 2008 na tafi Accra, wadda Baba yake kira Ankara. Ni tela ne, na ƙware a surfani, kuma an ce mini masu aikin wuyan riga suna samu a can. Na sayar da kekena ɗaya, na haɗa da abin da na tara, na hau mota. Muka bi ta Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Ghana ta Aflao. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, don haka ina jin kaina kamar wanda zai je Ibadan. Baba ya ba ni sunan wani tsohon abokin cinikinsa a takarda, na karɓa don kada ransa ya ɓaci, amma ban ko adana ta ba. A tunanina mai kuɗi a aljihu ba ya bukatar zauren kowa.

Da dare muka sauka a tashar Tudu. Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal da niyyar kwana biyu kafin in sami haya. Kwana tara na yi. Duk inda na je maganar ɗaya ce: kuɗin shekara biyu a dunƙule. Daga baya na ji cewa dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da na wata shida a gaba, amma dokar tana cikin littafi, makullin ɗaki kuma yana hannun mai gida. Dillalan gidaje kuwa sai ka biya su kafin su nuna maka ɗakin, ko ka kama ko kada ka kama. Sau uku ina biya. Na ukun ya kai ni wani ɗaki da ke da mutum a ciki, ya ce mutumin zai tashi ƙarshen wata, in ba da rabi yanzu. Allah Ya taimake ni ban bayar ba.

Ga kuma rikicin kuɗi. Shekara guda kafin zuwana, a 2007, Ghana ta sake kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya. Amma mutane a baki suna nan suna lissafi da tsohon. Mai abinci za ta ce maka dubu ashirin, alhali sidi biyu take nufi. Wanda ya ga ka rikice kuma ba ya da tsoron Allah, sai ya ci rabonsa. Ni da ba na jin yaren Ga, ba na jin Twi, duk inda na zauna cin abinci farashin baƙo nake biya. A kwana na bakwai na koma cin abinci sau ɗaya a yini. A na tara na ƙirga abin da ya rage, na ga ko kuɗin motar komawa Legas sai da dabara.

Na ɗauki jakata na nufi Nima, domin na ji an ce Hausa ake yi a can. Na yi la'asar a wani masallaci, na yi magariba, na yi isha, ban motsa ba. Niyyata in an watse in lallaɓa in kwanta. Wani dattijo da ke sahun gaba ya gama lazimi, ya zo ya tsaya a kaina.

Ya ce, “Samari, tun la'asar nake ganin jakar nan. Daga ina?”

Na ce, “Daga Legas, Baba.”

“Wurin wa ka zo?”

Na yi shiru. Ya ce, “Ka ci abinci?” Na ce na ci. Ya yi murmushi ya ce, “Tashi mu je ka ƙara.”

Gidansa ba wani babba ba ne, irin gidajen Nima ne masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Amma ya ware ɗaki guda a bakin ƙofa, na tarar da samari huɗu a ciki: biyu daga Nijar, ɗaya daga arewacin Togo, ɗaya daga Bawku. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo. Na ci har ina jin kunyar yadda nake ci.

Da safe ya kira ni ya ɗauko wani tsohon littafi. Ya rubuta sunana, da sunan mahaifina, da unguwarmu, da lambar wayar gida, ya kira a gabana ya gaisa da Baba. Sannan ya shimfiɗa mini ƙa'ida. Ya ce, “Kwana uku kai baƙona ne, ba ka biyan komai. Daga nan za ka riƙa ba da ɗan abu duk Juma'a, na wuta da ruwa da tuwon dare. In ba ka da shi a rubuta. Wata uku za ka yi a ɗakin nan, domin akwai na bayanka. Ba a shigo mini da wanda ban sani ba, kuma ƙarfe goma ake rufe ƙofa.”

Abin da ya yanka mini na mako bai kai kuɗin kwana ɗaya a otal ba. Duk da haka na ɗan ji wani iri, a raina na ce a gidanmu ba a karɓar ko kwabo. Kamar ya ji ni, sai ya ce, “Ɗana, na gwada na kyauta shekara da shekaru. Baƙo ya kan kasa haɗa ido da ni, matar gida ta gaji, yara su fara habaici. In ka biya ko yaya ne, za ka ci tuwonka da daɗin rai, ni ma gobe zan iya saukar da wani.”

Maganar ci da rana kuwa, ya haɗa ni da wata Hajiya mai sayar da abinci a bakin titi. Ita ma tana da littafinta. Yaran ɗakin Baba suna ci a rubuta, su biya ƙarshen mako, kuma farashin 'yan gida. A wurinta na gane cewa rabin abincin titin Accra namu ne. Da safe koko da ƙosai, har sunan kokon ma na Hausa suke ce masa. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, suna rubuta ta waakye, sunan daga wake ya fito. Tuwo kuma tuo zaafi suke ce masa. Kwana tara na yi ina ɓarnar kuɗi a kan abincin da bai karɓe ni ba, ga abincin gidanmu a tsallaken titi da araha. Da ɗan gari kan ci gari.

Ɗaya daga cikin yaran Nijar ɗin ne ya nuna mini gidan wankan da ya fi tsabta da sauƙin kuɗi, domin a Nima gidaje da yawa ba su da bayi, sai na haya, kowane shiga da kuɗinsa. Baƙo ba ya sa wannan a lissafi sai ya gan shi yana cin aljihunsa kullum. Shi ya koya mini motar da zan hau da kuɗin da zan miƙa ba tare da na tambaya ba. Baba kuma ya kai ni da ƙafarsa wurin wani tela a Mamobi, ya ce, “Ɗana ne, gwada shi.” A mako na biyu na fara karɓar kuɗin aiki. Ya sa ni a adashi, wanda su ke kira susu, aka ba ni kwasa ta uku. Da wata uku ta cika, ya je ya sami wani mai gida, ya tsaya mini, aka karɓi kuɗin wata shida maimakon shekara biyu. Ranar da na kwashe kayana, da yamma wani yaro daga Dosso ya shimfiɗa tabarma a gurbina.

Na taɓa tambayarsa abin da ya sa yake wahalar da kansa haka. Ya ce a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Shi a nan aka haife shi, amma mahaifinsa mutumin Najeriya ne, don haka aka loda su a mota. Ya isa Legas bai san kowa ba. Wani mutum ya sauke shi a zaurensa wata biyar, ya ciyar da shi, har ya sami hanyar komawa bayan al'amura sun lafa. Ya ce, “A 1983 kuma ku kuka kori namu, na ga sun dawo da kaya a ka. Duniyar nan kowa baƙo ne wata rana. Mai zauren nan ya rasu ban biya shi ba, shi ne nake biya a kanku.”

To 'yan uwa, ga inda kunyar take.

Bayan shekara shida Baba ya rasu, na dawo Agege na karɓi ragamar gida. Ga ƙanne a makaranta, ga mahaifiya ba lafiya, ga goro ba ya kawo abin da yake kawowa da. Gidanmu yana bakin hanya. Aka ba ni shawara, ni ma na ga dacewarta: na sa aka raba zauren biyu, aka fasa ƙofofi ta waje, aka sa ƙyauren ƙarfe. Ɗaya mai sayar da kayan waya ya kama, ɗaya mai kayan masarufi. Na gaya wa kaina zamani ya canza, yanzu ba a san na kirki ba, in wani abu ya faru mai gida 'yan sanda za su fara kamawa. Duk wannan gaskiya ne. Amma gaskiyar da ta fi ita ce kuɗin hayar nake so.

Ana nan, wata rana da damina bayan magariba, wani yaro ya yi sallama. Ba zai wuce shekara goma sha takwas ba. Ya ce daga wajen Tawa yake a Nijar, ya miƙo mini wata takarda da ta sha ninki. Sunan mahaifina ne a jiki. Ya ce kakansa ne ya rubuta masa, ya ce in ya iso Agege ya nemi gidan nan, ba a mayar da baƙo.

Na ce, “Mai sunan ya rasu.”

Ya yi masa addu'a, ya ci gaba da tsayuwa yana duban shagunan. Na ce masa babu wuri. Na zaro kuɗin abinci na ba shi, na nuna masa hanyar masallaci, alhali na san ana kulle shi bayan isha. Ya ce, “Na gode, Alhaji.” Na shiga gida na ci tuwona.

Bayan kamar wata biyu aka yi sanarwa bayan sallar asuba cewa akwai wani yaro ɗan ga-ruwa da ke kwance ba lafiya, ana neman taimako a kai shi asibiti sannan a sa shi a mota zuwa gida. Na bi masu zuwa duba shi. Shi ne. A wani kango yake kwana da wasu, ruwa yana zuba a kansu. An sace ɗan abin da ya tara tun makon farko, domin ba ya da inda zai ajiye. Garin kwaki da ruwan leda ne abincinsa. Ya gane ni, ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe ni. Na ba da gudummawa mai kauri a ranar, har ana yaba mini. Da na dawo gida na yi lissafi, abin da na bayar kaɗai ya isa ya ci tuwon dare a gidana wata uku. In aka haɗa da na sauran jama'a, ya isa a kama masa ɗaki. Ya warke, an sa shi a mota, ban sake jin labarinsa ba. Takardar nan mai sunan Baba tana hannunsa, ban san abin da ya gaya wa kakansa ba.

Mu da aka haifa a nan mukan manta cewa yaron da ya taso daga Tawa ko Maraɗi ko Damagaram wata ƙasa ya shigo, ko da yake harshenmu ɗaya. Da jika da dala ya saba lissafi, ga shi an miƙo masa naira. Ba ya jin Yarbanci, ba ya jin Turancin kasuwa. Ƙasarsa ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ya fi da jin tsoron duk mai kaki. In ya nemi ɗaki, abin da na tarar a Accra shi zai tarar. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ko shekara ɗayar ina zai samo ta, ga la'adar dillali, ga kuɗin yarjejeniya, ga neman wanda zai tsaya masa? Ɗan uwansa da ya taho daga Sakkwato ko Katsina ma da kaɗan ya fi shi. Makonnin farko su ne masu wuya. In ya sami inda zai kwanta ya ajiye kuɗinsa, da abinci mai sauƙi sau biyu a yini, yawanci yakan tsaya da ƙafarsa. In bai samu ba, ko ciwo ya kama shi, ko ya faɗa hannun waɗanda za su ba shi wurin kwana su karɓi abin da ya fi kuɗi.

Ba ina cewa ƙungiya ta gina katafaren masauki ba, mun san aljihunmu. Abin da na gani a Nima ɗaki ɗaya ne da littafi ɗaya. Za mu iya kama ɗaki ɗaya ko biyu a kowace unguwa, a sa dattijo guda ya kula. Duk wanda zai sauka a rubuta sunansa da garinsu da wanda ya san shi, a kira a tabbatar, a kuma sanar da fadar Sarkin Hausawa. Wannan shi ne maganin tsoron da muke ji, kuma tsoron yana da dalili. Yaron da aka san sunan ubansa da inda yake kwana ya fi mana aminci a kan wanda ke kwana a kango babu wanda ya san da shi. A bar masa kwana ukun baƙunta kamar yadda malamai suka karantar da mu, daga nan ya riƙa biyan ɗan abu, a kuma yanka masa wa'adi don na baya ya samu. A yi magana da iyayenmu mata masu tuwo su buɗe littafi, ƙungiya ta tsaya a kan bashin. A sa shi a adashi tun makon da ya fara samu. Idan lokacin kama haya ya yi, wani mai mutunci a cikinmu ya taka ya tsaya masa. Kada kuma a manta da mata, domin su ma suna zuwa, kuma haɗarin da ke kansu ya fi. Nasu masaukin a hannun Hajiyoyinmu ya kamata ya kasance. Masu fitar da zakka kuma su tambayi malamai, matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da aka ambata.

Ni dai ga abin da na yi. Hayar mai kayan waya za ta ƙare bayan Babbar Sallah, na sanar da shi tun da wuri ba zan sabunta ba. Da na gaya wa 'yan uwana, Yaya babba ta ce, “Kai ka san da kuɗin shagon nan ake sayen maganin Inna?” Ta yi gaskiya, kuma gidan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mun yi ta kai da komo har muka tsaya a kan cewa zan riƙa cike rabin kuɗin daga ɗinkina. Sauran rabin shi nake roƙon ƙungiya ta duba a taro mai zuwa. In an amince, alhamdu lillahi. In ba a amince ba zan nemi wata hanya, amma ƙyauren ƙarfen nan zai fita. Da Inna ta ji maganar, ba ta ce komai a kan kuɗi ba. Cewa ta yi a nemo mata mudunta.

Wurin zai ɗauki mutum huɗu. Na san huɗu ba komai ba ne a cikin waɗanda ke sauka kullum. Amma na san gidaje a unguwar nan da suke da zaure a da, kuma masu su suna karanta wannan rubutu. Duk mai shawara ko gyara, ƙofata a buɗe take, ko mu haɗu bayan sallar Juma'a.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka sauki baƙi, Ya saka wa dattijon Nima da alheri, Ya yafe mana inda muka gaza. Wassalamu alaikum.